Gyaran Hartum Da Umdurman: Kada A Bar Taskar Waƙa Da Tarihi A Baya

A shekarar 1942 aka fara jin muryar mace tana rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, shekara biyu bayan buɗe gidan. Sunan matar A'isha Musa Ahmad, wadda duk Sudan ta sani da A'isha Falatiya. Iyayenta mutanen Sakkwato ne da hanyar Makka ta bi da su ta Sudan, suka yada zango, zangon ya zama gida. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo, kuma a gabansa ta yi karatun Alƙur'ani. Ta yi waƙa da Larabcin Sudan, ta yi da Hausa, ta rayu a Umdurman har Allah ya karɓi abinsa a 1974. Da yawa daga waƙoƙinta an naɗe su ne a wannan gidan rediyo da ke bakin Kogin Nilu. Shi ne kuma ginin da dakarun RSF suka mamaye tun farkon yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, suka riƙe shi har watan Maris na 2024.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da ya sami Hartum da Umdurman ya shafi Bahaushe kai tsaye. Sojojin Sudan sun karɓe babban birnin a watan Maris na 2025, jama'a sun soma komawa, ana ta maganar gyaran asibitoci da gadoji da tashoshin ruwa da lantarki. Ra'ayin da wannan rubutu ya tsaya a kai shi ne, ceto taskar rediyo da gidajen tarihi, da sake buɗe dandamalin wasan kwaikwayo da wuraren taruwar jama'a, aiki ne da ya kamata ya tafi kafaɗa da kafaɗa da waɗancan gyare-gyare tun daga ranar farko. Idan aka ce sai ƙura ta lafa, to wani abin ba za a tarar da shi ba.

Abin da birnin yake da shi

Hartum mazaunin gwamnati ce, amma Umdurman ce zuciyar al'adun Sudan. Garin ya bunƙasa ne bayan Mahadi ya ci Hartum a watan Janairun 1885, magajinsa Halifa Abdullahi ya mayar da shi cibiyar mulki har zuwa yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba, 1898. Mutane daga Darfur da Kordofan da ƙasar Nuba da gabashin ƙasar da Afirka ta Yamma suka cakuɗu a cikinsa. Daga wannan cakuɗa ne, a shekarun 1920, aka sami salon waƙar da ake kira haƙiba, wanda Khalil Farah da Sarur da Karoma suka yi fice a cikinsa. Kalmar tana nufin jaka, kuma ta samo asali ne daga wani shirin rediyo da ake ciro tsofaffin faya-fayai daga jaka ana sa wa masu sauraro. A kan wannan harsashi Muhammad Wardi da Abdulkarim al-Kabli da Muhammad al-Amin da 'yan'uwan nan mata uku na ƙungiyar Balabil suka ɗora nasu ginin, har waƙar Sudan ta game Habasha da Eritiriya da Chadi, ta iso ƙasar Hausa.

Kusa da gidan rediyon akwai Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1959. Kowace Juma'a da yamma, kafin yaƙi, mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya sukan taru a ƙubbar Shehu Hamad al-Nil, cikin jibbobi kore da ja, da ganguna da turaren wuta, suna zikiri har faɗuwar rana. Duk wanda ya taɓa ganin maukibin Ƙadiriyya a Kano zai gane wannan taro ba tare da tafinta ba. A unguwar Haj Yusuf kuwa, a hayin Shuɗin Nilu, 'yan kokawar Nuba ke cika fili a wannan rana, kamar yadda ake yi a Maraɗi ko Argungu. Waɗannan taruka su ne wuraren da attajiri da ɗan dako, Balarabe da Banube da Bafalate, suke tsayawa gefe da gefe.

Abin da yaƙi ya ci

A makonnin farko na yaƙin, cikin watan Mayun 2023, harsasai suka kashe Asiya Abdulmajid a Hartum ta Arewa, dattijuwar da ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta riƙi wasan kwaikwayo sana'a a Sudan. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, sai aka binne ta a harabar wata makarantar ƙananan yara. 'Yan kwanaki bayan haka aka kashe mawaƙiya Shadin Gardud a Umdurman. Ɗimbin mawaƙa da makaɗa da masu shirya fim suka watse zuwa Alƙahira da Kamfala da Nairobi.

Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Hartum, wanda aka buɗe a 1971, ya shafe kusan shekara biyu a hannun dakarun RSF. A cikinsa ake ajiye kayan daular Kush, da zane-zanen bangon majami'ar Faras, da gidajen bautar Buhen da Semna da Kumma waɗanda aka kwaso dutse bayan dutse don kada ruwan madatsar Aswan ya haɗiye su. A watan Satumban 2024 hukumar UNESCO ta yi gargaɗi game da wawashe kayan tarihin Sudan, ta roƙi dillalai da kada su saya. Da ma'aikata suka koma a 2025, suka tarar an fasa akwatunan gilashi an kwashe zinariya da ƙananan kaya. Ƙaton gunkin sarki Taharƙa yana nan tsaye, saboda ya fi ƙarfin ɗauka. Gidan Halifa da ke Umdurman, wanda aka mayar gidan tarihi tun 1928, shi ma bai tsira daga ɓarna ba.

Hujjar masu cewa a jira

Akwai masu ganin cewa maganar waƙa da fim a irin wannan hali rashin tausayi ne, kuma hujjarsu tana da nauyi. Yaƙin ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. An tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam na Darfur a watan Agustan 2024. Kwalara ta ɓarke a jihar Hartum a 2025. Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma babu mai hankalin da zai ce a hana asibiti magani a sayi fitilun dandamali.

Sai dai akwai abubuwa uku da wannan hujja ba ta lura da su ba. Na farko, kayan taska ba sa jira. Zaren kaset da faifan fim suna lalacewa da zafi da ƙura da laima, musamman a ginin da rufinsa ya huje kuma babu lantarki. Gadar da ba a gyara bana ba ana iya gyara ta baɗi. Zaren da ya manne ya ruɓe kuwa ya tafi da muryar da ke cikinsa har abada. Haka nan kayan tarihin da aka sace: kowane wata da ya wuce ba a fitar da jerin sunayensu da hotunansu ba, ƙara nisa suke yi cikin kasuwannin duniya.

Na biyu, kuɗin wannan aiki kaɗan ne idan aka gwada shi da na gina tashar lantarki guda. Abin da ake bukata shi ne ɗaki mai sanyi, da na'urorin kwafa, da albashin ƙwararrun da suka san abin da ke cikin kowane akwati. Su waɗannan ƙwararru su ne suka fi saurin salwanta, domin wanda ya sami abin yi a Masar ba lalle ne ya dawo ba.

Na uku, abin da ya ciyar da mutanen Umdurman lokacin da hukuma ta ɓace al'ada ce. Wuraren dafa abinci na unguwanni da ake kira takaya sun samo suna da tsari daga zawiyoyin Sufaye, inda aka saba ciyar da baƙo da matafiyi. Matasan da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa sun dogara ne da al'adar nafir, wadda ita ce gayya a wurin Bahaushe. Al'ummar da aka cece ta da gadonta bai dace a ce mata gadon kayan ado ne da za a waiwaya daga baya ba.

Darasin shekarun baya

Tarihin Sudan ɗin kansa ya nuna cewa sakaci da ƙuntatawa suna yin ɓarnar da ta yi kusa da ta bindiga. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na ranar 30 ga Yuni, 1989, an takura wa taron kiɗa, Wardi ya yi gudun hijira na shekaru, kuma a 1994 wani mai tsattsauran ra'ayi ya daɓa wa mawaƙi Khojali Usman wuƙa har lahira a Umdurman. Gidajen sinima suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A 2008 aka rushe ɗakin shirya fim na Jadallah Jubara, ɗaya daga magabatan sana'ar a Afirka, shi ma ya rasu a shekarar. Abin da ya ceci fina-finansa shi ne ƙoƙarin 'yarsa Sara, wadda ta haɗa kai da cibiyar Arsenal ta Jamus aka kwafe su cikin kwamfuta. Saboda haka ne har yau ake iya ganin Hartum ta shekarun 1960 kamar yadda ya ɗauke ta.

Fim ɗin Suhaib Gasmelbari mai suna Al-Hadith an al-Ashjar, wato zance a kan bishiyoyi, wanda ya ci kyauta a bikin Berlin na 2019, labarin dattawa huɗu ne masu shirya fim da suka yi ta faɗi-tashi don su sake buɗe wata tsohuwar sinima a Umdurman, hukumomi suka hana su da takardun izini. A shekarar ne kuma fim ɗin Amjad Abu al-Ala ya ci kyauta a Venice. A watan Mayun 2023, ana tsakiyar luguden wuta a Hartum, fim ɗin Muhammad Kordofani mai suna Wada'an Julia ya karɓi lambar yabo a Cannes. Baiwar tana nan. Abin da ta daɗe tana rasawa shi ne wurin da ɗan Umdurman zai zauna ya kalli aikin ɗan'uwansa a garinsu.

Abin da ya kamata a yi

Wajibi ne hukumomin Sudan su ba ƙwararru damar ƙididdige abin da ya rage a taskar rediyo da talabijin, su bayyana sakamakon ga jama'a, a kwafi komai a ajiye a wurare fiye da ɗaya. Shirin Sudan Memory ya riga ya nuna cewa hakan mai yiwuwa ne, domin abin da ya kwafa kafin yaƙi yana nan a intanet. Wajibi ne kuma a bar dandamali ga masu wasa, kada a mayar da shi wurin kirarin wanda ya yi nasara. Birnin da maƙwabci ya ga abin da maƙwabcinsa ya aikata yana bukatar wurin da za a faɗi abin da ya faru a gaban kowa. Sannan duk bikin da za a farfaɗo da shi ya haɗa da 'yan Nuba da mutanen Darfur da Falata, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon baƙi alhali kakanninsu a nan aka binne su.

Ƙasar Hausa ma tana da nata rabon aikin. Zumuncinta da Sudan ya daɗe: garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, malaman Sudan ne suka koyar a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, kuma ɗaliban Arewa da dama yaƙin nan ya koro daga jami'o'in Hartum. Sassan nazarin Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato suna iya neman kwafin waƙoƙin Hausa na A'isha Falatiya daga hannun masu tsofaffin kaset a nan da can, su rubuta su, su yi nazarinsu kamar yadda ake yi wa na Shata da Narambaɗa. Jami'an kwastan da dillalan kayan tarihi kuma su sa ido a kan duk abin da ya fito daga gabas ba tare da takarda ba.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gidajen rediyon Kaduna da Kano da Yamai suna riƙe da muryoyin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, a kan zare irin wanda ke Umdurman. Ya kamata kowane gida ya tambayi kansa tun yanzu kwafi nawa yake da shi, a ina aka ajiye, kuma wa ke da mabuɗin ɗakin.