Gida guda, takardun lanho uku

Yau zancen lanho za mu yi, amma ba na gida ba. Mu leƙa Sidni, birni mafi girma a ƙasar Ostareliya.

Tun shekarar 1961 jihar da Sidni take ciki ta kafa dokar da ta ba mutum damar mallakar sashe guda cikin dogon bene, da takardar mallaka tasa ta kansa. Abin ya yi kyau. To amma a wasu benayen an yanka wa wurin ajiyar mota takarda daban, ɗan mangazan ajiyar kaya na ƙarƙashin bene shi ma daban. Mutum ya sayi wurin kwana guda, sai ga shi a idon hukumar gari yana da filaye uku.

Ga inda gizo ke saƙa. Can, a kan darajar ƙasa ake lissafa lanhon, ba a kan ginin ba, kuma kowane sashe da rabonsa na ƙasar da benen ya tsaya a kai. Rabon wurin mota bai taka kara ya karya ba, balle na mangaza. Sai dai hukumomin gari da yawa suna da wani adadi mafi ƙanƙanta wanda kowane fili zai biya, komin ƙanƙantarsa. Ke nan mai takardu uku zai biya adadin nan sau uku, alhali maƙwabcinsa, da aka haɗa masa ɗaki da wurin mota cikin takarda guda tun farko, sau ɗaya zai biya. Bene guda, ƙofa guda, kwata guda! Duk ɗan kasuwar da ke da shago da mangaza a bayansa ya san yadda wannan zai yi ciwo.

Dokar ƙananan hukumomi ta jihar, ta shekarar 1993, ta tanadi magani a aya ta 548A: idan hukumar gari ta ga cewa adadin nan ya zama rashin adalci, kuma yana iya ƙuntata wa mai biya, tana iya ɗaukar filayen nasa a matsayin guda.

Ma'aikata masu riƙe da alƙalami, ku lura da kalmar nan: tana iya. Ba a ce tilas ba. Nan ne ni ban gamsu ba. Rajistar mallaka tana nuna sunan mai ɗaki, tana nuna sunan mai wurin mota. In suna ɗaya ne, me ya sa sai mutum ya rubuta takardar roƙo kafin a daina karɓar abin da ya wuce kima? Wanda bai san ayar ba, biya zai yi ta yi shekara da shekaru, hukuma kuwa ba za ta ce ya yi yawa ba.

Haɗin dai na lissafin lanho ne kurum. Takardun mallaka suna nan uku, kuma ran da mai gida ya sayar wa wani da wurin motar, lanhon ya sake rabuwa.