Raddi ga Masu Cewa Ido Ya Wadatar da Mai Hoto



Akwai wata magana da ta samu gindin zama tsakanin masu sana'ar hoto a jihar Maradi, tun daga Gidan Rumji har Agiye da Gazawa. Masu ita suna cewa ɗan zanen nan da kyamara ke nunawa, wanda ake kira histogiram, ƙaƙale ne kawai. Wai gwani ya dubi allon kyamara ya isa ya san ko haske ya yi daidai. Hujjoji biyar suke kafawa, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma bari mu fara sanin abin da ake gardama a kansa.

Hoton dijital ɗigo-ɗigo ne, miliyoyi. A hoton JPEG matakan haske 256 ne, daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Kyamara tana jera matakan daga hagu zuwa dama, tsawon zanen kuma yana nuna yawan ɗigon da ke kowane mataki. Idan zanen ya manne wa bangon dama ya miƙe tsaye, wani sashe na hoton ya ƙone da haske. Idan bangon hagu ya manne wa, wani sashe ya nutse a duhu.

Hujja ta farko. Sun ce: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Amsa: karin maganar da kanta ta yarda cewa ido ba mudu ba ne. Mai sayen aya a kasuwar Cadawa yana ƙiyasta buhu da ido, amma ba ya zare kuɗi sai an auna da tiya. Allon kyamara fitila ce da ake ƙarawa ko a rage, ƙwayar ido kuma tana tsukewa a rana, ta buɗe a duhu. Da tsakar rana a Gazawa cikin watan Afrilu allon zai yi maka dishi-dishi, sai ka ƙara haske ka ƙona hoton da yake lafiya lau. Da dare a wurin biki allon zai haska maka tar, ka tafi da murna, sai an buga a takarda ka ga amarya cikin duhu. Histogiram ɗin hoto guda ba ya sauyawa don rana ta take ko don dare ya yi.

Hujja ta biyu. Sun ce: ai kyamara tana auna haske da kanta.

Amsa: tana aunawa, amma bisa zato. Ma'auninta yana ɗauka cewa abin da ke gabanta, in an haɗa fari da baƙi, ruwan toka ne mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. Je ka Tibirin Gobir ranar Salla, ka nufi sahun dattawa cikin fararen riguna. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske. Riguna su koma ruwan toka, fuskoki su dushe har ba a shaida mutum. Shiga zaure kuma ka ɗauki dattijo baƙi a jikin bango mai duhu: yanzu ƙarawa za ta yi, farin rawaninsa ya ƙone. A na farko zanen zai tsaya nesa da bangon dama ya bar fili, alamar kana da damar ƙara mataki ɗaya, wato ninki biyu na haske, da maɓallin nan mai alamar + da −. A na biyu zai hau bangon, ka rage. Mu ne ma muka fi kowa buƙatar wannan bincike, domin baƙar fata da farar shadda a hoto guda su ne aikinmu na kullum. A shekarun 1950 katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a jikinsa. Kayan da aka daɗe ana saitawa da fatar wasu, bai kamata mu sakar musu ragama ba.

Hujja ta uku. Sun ce: Seydou Keïta da Malick Sidibé a Bamako, da Philippe Koudjina a Yamai, sun yi suna ba tare da histogiram ba.

Amsa: gaskiya ne, amma da fim suka yi aiki. Fim na negatif yana da haƙuri da yawan haske. Ko an zarce, ana iya ceto aikin riga a ɗakin wanki. Na'urar dijital kuwa da ta cika ta cika, ba ta ƙara rubuta komai. Sannan mutanen zamanin fim ba su raina awo ba. Sukan gwada ƴar takarda kafin su buga babban hoto, kuma wajen 1940 Ansel Adams da Fred Archer a Amurka suka tsara hanyar kasa haske mataki-mataki daga baƙi zuwa fari. Wanda ya kafa hujja da magabata don ya guje wa awo, ya ɗauki sunansu ya bar tarbiyyarsu.

Hujja ta huɗu. Sun ce: in an yi kuskure a gyara a kwamfuta.

Amsa: kwamfuta tana gyara abin da aka rubuta ne. Ɗauki babbar riga fara mai aikin aska takwas, farin zare a kan farin yadi. Bambancin zaren da yadin ƴan matakai ne kaɗan a can kusa da 255. Idan duka suka kai 255, sun zama lamba ɗaya. Ja haske baya yadda kake so, faci mai ruwan toka za ka samu, babu zare babu ɗinki. Mai rigar kuwa don aikin nan ya tsaya gabanka. Hoton da ya yi duhu ana iya ɗaga shi, amma da tsaki-tsaki a fuska. Ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana ba da ɗan sarari, sai dai shi ma yana da iyaka.

Hujja ta biyar. Sun ce: an koya mana a tara zanen a tsakiya, mun bi, hotuna suka lalace.

Amsa: nan kam suna da rabin gaskiya, amma laifin na wanda ya koya musu ne. Histogiram ba shi da siffa guda da ake kira daidai. Gona a Ɗan Saga ta ƙasar Agiye, da itatuwan gawo cikin hazon hunturu, zanenta zai dunƙule a tsakiya, domin babu baƙi ƙirin babu fari fat a wurin. Hoton dare zai karkata hagu. Hoton katin shaida a gaban farin ƙyalle zai karkata dama. Duka ukun daidai ne. Abin dubawa shi ne bangaye biyu, sannan ka tambayi kanka: mene ne ya ƙone? Ƙyallin rana a jikin babur ko hasken taga, babu asara. Goshi ko gaban riga, asara ce. Zanen ba ya nuna wurin, don haka a kunna gargaɗin nan mai sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo. A kuma buɗe zane mai launi uku, ja da kore da shuɗi, domin jar rigar dogari tana iya ƙonewa a layin ja alhali zanen bai-ɗaya bai nuna komai ba. Mai ɗauka da RAW ya sani cewa zanen daga ƙaramin JPEG na cikin kyamara ake fitar da shi, saboda haka yakan yi gargaɗi da ɗan wuri.

Hukunci dai shi ne: ido ke zaɓar inda za a tsaya, da wanda za a ɗauka, da abin da za a bari ya ƙone, histogiram ke shaida ko abin da ido ya zaɓa ya shiga kyamara. Babu ɗaya cikin hujjojin nan biyar da ta rushe wannan. Ina kira ga iyayen gidan sana'a da su koya wa yaransu duba zanen nan bayan ɗaukar farko a kowane sabon wuri, tun mutane ba su watse ba, domin ɗaurin aure da hawan Salla ba a maimaita su saboda mai hoto.