Kafin a maka magini a kotu, a fara leƙa aljihunsa

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan uwanmu mazauna Stratford da sauran unguwannin Newham a gabashin Landan kan wata shawara da ake yawan ba wanda magini ko mai gyaran famfo ya karɓi kafin alƙalami ya bar masa aiki rabi da rabi. Da zarar an ji raɗe-raɗin cewa mutumin na dab da karyewa, sai kowa ya ce a hanzarta kai shi kotu kafin ya faɗi. A ganina wannan shawara tana yawan jawo asara kan asara, domin kotu haƙƙi take tabbatarwa, ba ta ƙirƙiro kuɗin da babu.

Mazauna wannan yanki ba sa buƙatar a je nesa a nemo musu misali. Kamfanin Carillion, wanda ya gina cibiyar 'yan jarida ta gasar Olamfik ta 2012, ya durƙushe a watan Janairun 2018 da bashin da ya kai kusan fam biliyan 7, ya bar dubban ƙananan 'yan kwangila suna cizon yatsa. ISG kuwa, wanda ya gina filin tseren keke da ke cikin dandalin gasar a nan kusa da mu, ya bi sahu a Satumban 2024. Duk lokacin da babba irin wannan ya kife, birkila da kafinta da mai haɗa wutar da ke ƙarƙashinsa ne ke rasa kuɗin aikinsu, kuma irin waɗannan mutane ne ke yi mana gyaran kicin da rufin gida. Shi ya sa harkar gine-gine ke yawan zama kan gaba a alƙaluman karayar kamfanoni a Ingila.

To, mu duba lissafin. Ƙarar da ba ta wuce fam 10,000 ba tana bin hanyar ƙananan ƙararraki, amma ba kyauta ba ce: mai neman tsakanin fam 5,000 da 10,000 zai biya fam 455 tun wajen shigarwa, ga kuɗin zaman sauraro, ga watannin jira, kuma a wannan hanya da wuya a mayar maka da kuɗin lauya ko da ka yi nasara. Idan an yanke hukunci maginin bai biya ba, sai ka sake biya kafin a tura masu ƙwace kaya. Nan ne dokar karayar arziki ta 1986 ke shigowa. Da zarar kotu ta ba da umarnin rushe kamfani, ba a ci gaba da ƙara a kansa sai da izininta, kuma wanda bai kammala ƙwace kaya ba kafin karayar, ba zai riƙe abin da ya kama ba. Takardar hukuncin da ke hannunka ba ta matsar da kai gaba a layi ko taku ɗaya. Bankin da ke riƙe da jingina yana gabanka, kuɗin masu rabon dukiyar yana gabanka, albashin ma'aikata yana gabanka, kuma tun Disamban 2020 hukumar haraji ta HMRC ma ta shiga gaba game da harajin VAT da wanda ake cirewa daga albashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce min, idan kowa ya haƙura, ai an buɗe wa macuta ƙofa, domin wasu ƙaryar karaya suke yi. Wannan gaskiya ne, akwai masu rufe kamfani yau su buɗe wani gobe da mota ɗaya da lambar waya ɗaya. Sai dai maganin wannan bincike ne, kuma mafi yawansa ba ya cin ko sisi. Shafin Companies House yana nuna ko kamfani ya makara da bayanin asusunsa ko ana shirin soke rajistarsa. Jaridar gwamnati, wato Gazette, tana buga sanarwar neman rushe kamfani. Akwai rajistar mutanen da suka karye, akwai kuma rajistar hukunce-hukuncen bashi da ake dubawa da 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ka tarar da hukunci uku ko huɗu a kansa bai biya ko ɗaya ba, naka ba zai girgiza shi ba. Amma idan da sunan kansa yake aiki, ba kamfani ba, yana da gida, kuma sunansa bai ɓaci ba tukuna, to ƙara tana da haƙora: hukuncin da ba a biya cikin wata ɗaya ba yana zama a rajista shekara 6, ya toshe masa hanyar rance, kuma ana iya neman kotu ta ɗora bashin a kan gidan. Irin wannan mutum, wasiƙar gargaɗi kafin ƙara ma tana iya fito da kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne hanya mafi sauƙi mu muke toshe ta da hannunmu. Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin bashi alhaki daidai da na mai aikin, muddin farashin ya haura fam 100 kuma bai wuce 30,000 ba, ko da kafin alƙalami kaɗai aka biya da katin. Magini ya karye ko ya ɓace, banki yana nan. Amma da yawanmu mun fi son miƙa tsabar kuɗi don a rage mana farashi, babu rasit, babu rubutacciyar yarjejeniya, sai shaidar cewa a masallaci aka san shi. Wanda ke ƙyamar katin bashi saboda kuɗin ruwa yana da hujjarsa. To ya biya kashi-kashi gwargwadon aikin da aka gama, ta banki, ya kuma nemi garantin da kamfanin inshora ya tsaya masa.

Wasu kuma za su ce bin karyayye da ƙara rashin tausayi ne, tunda addini ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Jinkiri dabam, yafewa dabam. Malamanmu na Malikiyya sun yi babi guda kan wanda bashi ya cinye dukiyarsa, inda alƙali ke hana shi taɓa ta, a raba wa masu bi gwargwadon bashin kowa, kusan yadda dokar karayar arziki ta 1986 ta tanada ga waɗanda ba su riƙe jingina ba. Don haka idan an riga an naɗa mai rabon dukiya, sai a cike takardar shaidar bashi a aika masa tare da rasit da hotunan aikin, a kuma sanar da shi idan an ga maigidan ya karkatar da kaya ko ya ci gaba da karɓar kuɗin mutane alhali ya san kamfanin ya mutu, domin rahoton da ake kai wa hukuma kan halin daraktoci yana iya sa a hana shi shugabantar kamfani har na tsawon shekara 15.

Naka,
Wani mai karatu,
Stratford, Landan