Haramin Rijiya da Amanar Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya taskance shi a cikin ƙasa domin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Kowane ɗalibi da ya karanta Risala ko Iziyya ya san hukuncin ruwa a mazhabarmu ta Malikiyya: yana nan a kan tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Wannan hukunci na alwala ne da wanka. Kuskuren da ya yaɗu a tsakaninmu shi ne ɗaukar cewa duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, lafiyayye ne a sha. Akwai dafin da ido ba ya gani, harshe da hanci ba sa ji, kuma filayen jiragen yaƙi na cikin manyan wuraren da yake fitowa.

Tun shekarun 1970 sojojin sama a ƙasashe da yawa suke amfani da wata kumfa ta kashe gobarar man jirgi, suna watsa ta a ƙasa lokacin atisaye. Kumfar tana ɗauke da sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa. Ruwan sama yana nutsar da su har su kai ga jijiyar rijiya, su taru a jinin mai sha shekara da shekaru. A 2023 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ɗayansu, PFOA, cikin abubuwan da ke haddasa sankara. A Ostireliya, mazauna kusa da sansanonin Williamtown da Oakey da Tindal sun kai gwamnati ƙara, a 2020 ta amince ta biya su diyyar fiye da dalar ƙasar miliyan 200. A Hawai ta Amurka kuwa, man jirgi ne ya yoyo daga rumbun soja na Red Hill a 2021, ya shiga ruwan famfon dubban iyalai.

To, mu fa? Jirgin sama ya fara sauka a Kano tun 1925, kuma filin Malam Aminu Kano ya yi wa jiragen yaƙi hidima a Yaƙin Duniya na Biyu, har yau sojojin sama suna da sansani a jikinsa. A da daji ne ya kewaye shi. Yau unguwanni ne cike da rijiyoyi da burtsatse. A Agadas ma, sojojin Amurka sun bar Sansani na 201 a watan Agustan 2024, a ƙasar da rijiya ita ce rai. Ba tuhuma nake yi wa kowa ba. Kira nake a auna ƙasa da ruwa, domin awo ne kaɗai yake raba zato da yaƙini.

Mai karatu a Gafasa ko Gaya ko Ajingi zai iya cewa wannan matsalar mutanen birni ce. Ina! Gurɓataccen ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Kogin Jakara yana kwashe dattin birni da na masana'antun Bompai zuwa dam ɗin Wasai, ana noman rani da shi, kayan miyar kuma su shiga kasuwanni. Tsofaffin durom-durom na sinadarai su ne randunan gidaje da yawa a karkara. Kuma abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya ishe mu wa'azi: yara kimanin 400 suka rasu saboda dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, alhali ƙasar da suke wasa a kai ba ta nuna alamar komai ba.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin yin bawali a ruwan da ba ya gudu, Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa ɓata mashaya yana jawo tsinuwa. Idan wannan ne hukuncin najasar mutum ɗaya da rana take busarwa, ina ga dafin da zai wuce jikoki? Malaman fiƙihu sun yi babi a kan haramin rijiya, wato kewayen da ba a yarda a yi abin da zai cutar da ruwanta ba, kuma Malikiyya sun auna faɗinsa da iyakar inda cutarwa take kaiwa. Wanda ya jawo ɓarna shi zai yi lamuni, ko talaka ne ko hukuma.

Wani zai ce harkar soja sirri ce. Gaskiya ne, kuma muna girmama waɗanda suke sayar da rayukansu domin tsaronmu. Sai dai ɗibar ruwa daga rijiyar unguwa ba ya tona asirin makami, kuma iyalan sojojin da ke bariki su ne farkon masu shan ruwan. Kare rai shi ne manufar tsaro tun asali.

Saboda haka ina kira ga hukumar NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano su haɗa hannu da rundunar sojin sama a ɗebi samfurin ƙasa da ruwa a ciki da kewayen filin, damina da rani. A sa masana daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, a bayyana sakamakon da Hausa. Inda aka samu illa, a rufe rijiyar, a kawo madadin ruwa, a yi magani. Mawadata kuma su tuna Sayyidina Usman da rijiyar Ruma: biyan kuɗin awon ruwan unguwa sadaka ce mai gudana. Mu limamai, mu faɗi wannan a kan mumbari.

Allah Ya tsare mana ruwanmu da zuriyarmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.