Damuwar Zuciya Daban, Tsatsar Hanji Daban

Ni ba likita ba ne. Harshe na karanta, shi nake koyarwa. Amma wata talla da na ji a rediyo ta tilasta mini tsoma baki. Mai tallar ya ce bincike ya tabbatar damuwa ce ke lalata hanji har sukari ya yi yawa a jini, saboda haka a sayi ƙwayarsa a huta. Na ji tsoro, domin akwai masu ciwon sukari da za su ajiye maganin asibiti a kan wannan magana.

Kuren daga fassara ya faro. Kalmar "stress" da Hans Selye ya yayata bayan gwajinsa na ɓeraye a 1936 tana nufin matsin da ke sa jiki sakin sinadarai irin su kotisol. A 1985 Helmut Sies ya ari kalmar ya laƙaba wa wani abu dabam, wato ɓarnar da ɓurɓushin iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki idan ya fi ƙarfin garkuwarsu. Wannan ni tsatsa zan kira shi. Mu kuwa muka haɗa biyun muka ce "damuwa".

To, me aka gano a hanjin? Tun 1960 Robert Crane ya bayyana cewa gulukos tare da sodiyam yake ratsa bangon ƙaramin hanji, hikimar da ruwan gishiri da sukari ya dogara a kai wajen ceto yara masu gudawa. Wannan ƙofa ita ce SGLT1, akwai kuma ta biyu, GLUT2. Tsatsa takan ci maiƙon fatar da ƙofofin ke zaune a ciki, aikinsu ya raunana. Damuwa kuwa labarinta ya fi rikitarwa. A 2004 masana a Jami'ar York ta Ingila sun lura cewa ɓerayen da aikin gini ya ɗaga wa hankali, tsotson gulukos ɗinsu raguwa ya yi, saboda GLUT2 ta ja baya. A 2007 wasu a Kanada suka ga SGLT1 ce ta yi rauni, GLUT2 ta ƙaru. Ɓeraye fa, mai karatu, kuma sakamakon bai zo ɗaya ba!

Ina kira ga hukumar NAFDAC da ta saurari fassarar Hausa ta irin waɗannan tallace-tallace, kada ta tsaya ga takardar Turanci da aka miƙa mata. Gidajen rediyonmu kuma su riƙa tambayar mai talla wace damuwar yake nufi kafin su karɓi kuɗinsa.