Kada Zanen Siyasa Ya Ƙare A Tsumma

Wanda duk ya leƙa adakar wata tsohuwa a Kano ko Zariya, mai yiwuwa ne ya tarar da koɗaɗɗen zane mai hoton Alhaji Shehu Shagari, ga gida da masara a gefensa. Mai shi ba ta ɗauke shi komai ba illa tsohon yayi, ranar da ta rasa tsumma kuwa shi za ta yaga. Alhali wannan zane shaida ne na zaɓen 11 ga Agusta, 1979, da rantsarwar da aka yi a Dandalin Tafawa Ɓalewa da ke Ikko ran 1 ga Oktoba.

A Amurka ba a wasa da irin wannan kaya. Tun rantsar da shugabansu na farko, George Washington, a 1789 aka ƙera maɓallan ƙarfe masu haruffan sunansa, har yanzu kuwa masu tarawa suna rububinsu da kuɗi masu yawa. Sai dai cinikin ba shi ne abin koyi ba, domin mai tarawa don riba kulle kayan yake yi a gida, ɗalibi ba ya ganinsu.

Abin da ya shafi ɗalibin Hausa shi ne harshen da ke jikin kayan. A zamanin da yawancin masu jefa ƙuri'a ba su yi boko ba, alama ita ce sunan jam'iyya: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, mabuɗi na PRP. Ga kuma take, watau Salama da Sawaba, daga baya Aminci da Nasara, dukkansu kuwa tushensu Larabci ne. Me ya sa abokan gaba suka ɗebi ruwa a rijiya guda? Mai son amsa dole ya ga yadda aka rubuta kalmomin a fosta da baji da kalanda, ya duba ko maɗaba'a ta sa lanƙwasar ƙ da ɗ, ko an haɗa da ajami. An yi nazarin waƙoƙin siyasa bakin gwargwado, amma rubutun da aka manna a bangon kasuwa an bar wa damina da gara.

Wani zai ce wannan jawo siyasa ne cikin sashe. Maganin haka shi ne a tara na kowa, musamman na waɗanda suka faɗi, domin nasu ne ke fara ɓacewa. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 ma, da aka rushe jam'iyyu, na mai ci da na mai faɗuwa duk sun koma ƙarƙashin gado.

Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano ba za su iya bin kowane ƙauye ba, amma ɗalibai suna zuwa hutu. Kowa ya dawo da abu guda, tare da ɗan bayanin garin da aka samo shi, da shekararsa, da abin da mai shi ya tuna. Akwati ɗaya da maganin gara sun isa a fara.