Albashi Mai Tsoka Ko Lasisi?

Yayana ya ci jarrabawar ICAN, ƙungiyar akantocin Nijeriya da aka kafa a 1965. Amma ba a ba mutum lasisin binciken asusun kamfanoni sai ya yi aiki ƙarƙashin gogaggen akanta mai lasisi. To, ga wani attajiri ya yi masa tayin albashi mai tsoka, ga kuma ofishin akantoci da ba ya biyan rabin haka. Baba ya fi son na attajirin, domin kuɗin makarantarmu mu huɗu ya yi masa nauyi. Ina cikin huɗun nan, amma a ganina Yaya ya zaɓi ofishin, tunda shekarun kantin attajiri ba za su shiga lissafin lasisi ba. Na hakura da sabon keke bana.